Shin rayuwar mutum labari ɗaya ce, ko kuwa tarin kwanaki ne kawai?

Dan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun rasuwar mahaifina a watan azumin da ya wuce, kuma ina so in ji ta bakin manya da ƙanana na wannan zaure. Mahaifina bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, takardar haihuwarsa ma ba ta ɗauke da rana ko wata, an dai rubuta cewa an haife shi wajen 1940. Amma idan ya zauna a kan buzunsa bayan la'asar yana ba da labarin rayuwarsa, sai ka ji kowane abu a ɗaure yake da ɗan uwansa kamar zaren saƙa. Yakan fara daga ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi aka tashi aka hau tudu, ya ce a wuya aka ɗauko shi yana kallon rumbun gidansu yana tafiya da ruwa. Rashin rumbun nan ne, in ji shi, ya sa ya fara dakon buhunan gyaɗa tun bai gama girma ba, dakon ya haɗa shi da wani direba da ya ɗauke shi yaron mota, motar ta kai shi Kano bayan farin 1973 ya karya kasuwar gyaɗa, a Kano kuma ya ga mahaifiyata. Sai ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce, da ruwa bai ci gidansu ba, da ba a haife ni ba.

Ni kuwa shekarata 44, ina da takardu cike da jaka, kowace da kwanan wata da hatimi. Amma ranar da ɗiyata ta ce in ba ta labarina kamar yadda kakanta yake yi, ban iya faɗa mata komai ba sai sunayen makarantun da na yi da garuruwan da aka tura ni aiki. Na ji kunya ƙwarai. Tambayata ita ce, shin da gaske rayuwar mutum labari ce mai tushe da inda ta dosa, ko kuwa tsofaffi ne suke ɗinke ta daga baya don hankalinsu ya kwanta? Kuma idan mutum bai ga zaren da ya haɗa jiyansa da yau ɗinsa ba, yaya zai yi ya hango gobe?

Hajiya_Sabon_Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, kada ka matsa wa kanka, domin mahaifinka ma ba ya ba da wannan labarin yana ɗan shekara 44. A lokacin yana cikin neman abin da za ku ci. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai tafiya ta yi nisa ake samun abin waiwaya.

Malam_na_Limanci:
Allah ya gafarta masa. Tambayar tana da nauyi, kuma ina ganin ya kamata a raba ta biyu, domin akwai waiwayen da addini ya yarda da shi, akwai wanda ya hana. Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san cewa a farkonta Allah ya kira ta mafi kyawun labari, kuma ta fara ne da mafarkin yaro ƙarami, ta bi ta rijiya, ta bi ta gidan da aka sayar da shi, ta bi ta kurkuku. Sai a ƙarshe, da iyayensa da ƴan uwansa suka iso Masar, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa mahaifinsa wannan ita ce fassarar mafarkinsa na tun da. Abin lura shi ne, yana cikin rijiya bai san fassarar ba, yana kurkuku ma bai ga ƙarshen ba, amma bai bar kyautata zato ga Ubangijinsa ba. Wannan shi ne irin waiwayen da mahaifinka yake yi, wato ganin hikimar Allah a cikin abin da ya riga ya wuce, kuma godiya ce.

Wanda aka hana shi ne mutum ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza ta faru, domin hadisi ingantacce ya nuna cewa kalmar "da" tana buɗe wa shaiɗan ƙofar aiki. Game da gobe kuwa, sahabbai sun tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko su dogara da abin da aka rubuta su bar aiki, ya ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. Saboda haka labarin yana nan a rubuce, sai dai ba a hannunmu takardar take ba.

Mai_Shago_Dan_Isa:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da abin da kuka kawo ba, amma ni a matsayina na ɗan kasuwa zan faɗi abin da na gani da idona. Na shekara fiye da 40 ina kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina, kuma sau huɗu ana rushe mini duk abin da na tsara ba tare da an yi shawara da ni ba. A watan Afrilun 1984 Najeriya ta rufe iyaka ta canza launin naira, ga fari a sama, har mutanenmu suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari, kuma sai 1986 aka buɗe. A watan Janairun 1994 muka kwana da kuɗinmu muka tashi an raba darajar sefa biyu. A watan Agustan 2019 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020, sannan a 2023 aka kuma rufewa har da yanke wuta. Kowane karo ina da labarin da nake ba kaina, cewa a wannan shekara zan gina gida, a waccan zan aurar da yara, kuma kowane karo labarin yana tsinkewa a tsakiya.

Don haka ni na daina. Ina buɗe shago da safe, in rufe da dare, in ƙirga abin da ya shigo, in yi godiya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ban ga ƙarya a wannan magana ba. Idan wani ya ce mini asarar buhu 200 na masara da ruwa ya lalata a bakin iyaka wani babi ne na labari mai daɗin ƙarshe, ba zan yarda ba, domin har yau ban ga amfanin da ta yi mini ba.

Uwar_Biyu:
Alhaji, ina girmama maganarku, amma ina so in nuna wani gefe da maza ba su cika gani ba. Idan mace ba ta ba da labarin kanta ba, wasu ne za su ba da shi, kuma ba za su tambaye ta ba. An cire ni daga makaranta ina aji biyar na firamare aka yi mini aure, aure ya mutu ina da ƴaƴa biyu, na dawo gidanmu. Tun daga ranar, labarina a bakin unguwa ya zama kalma ɗaya tak, bazawara, kamar ban taɓa zama komai ba kafin wannan kuma ba zan zama komai ba bayansa. Na yi kusan shekara uku ina yarda da su, ba na fita ko biki.

Abin da ya juya ni ƙaramin abu ne. Na shiga ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda a nan yankinmu aka fara ta a 1991, muna zuba kuɗi kowane mako a akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Wata rana mai riƙe da lissafi ba ta zo ba, aka rasa wadda za ta rubuta, sai na karɓi littafin. Da na ɗora alƙalami a kan takarda, sai na tuna yadda malaminmu yake kirana gaban allo in yi lissafin raba, yana cewa sauran yara su kalle ni. Wallahi hawaye ne suka zubo mini a gaban mata. A ranar na gane cewa yarinyar nan mai lissafi ba ta mutu ba, tana nan tana jira. Da rancen farko na sayi jar akuya guda, yanzu ina sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma babbar ɗiyata tana kwaleji. Ba na cewa sakin da aka yi mini alheri ne, har gobe yana yi mini ciwo. Abin da nake cewa shi ne, da na ɗaura yau ɗina da waccan yarinya maimakon da ranar saki, sai na iya tunanin shekara biyar masu zuwa.

Mushen_Tarihi:
Maganar Yaya Uwar_Biyu ta tuna mini cewa garin da muke zaune a cikinsa shi kansa amsa ce ga wannan tambaya. Lokacin da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki a birni, gidan sarautar Haɓe ya watse ya yi arewa. Mutanen da suka biyo Ɗan Kasawa, ɗan wannan gidan sarauta, suka zauna a Maraɗi wajen 1819 suna iya ɗaukar kansu ƴan gudun hijira da komai ya ƙare musu, amma ba haka suka yi ba. Sun riƙe sarautunsu da tamburansu da kirarinsu, suka ci gaba da kiran sarkinsu Sarkin Katsina, kuma har yau haka ake kiransa a fada. Labarin da suka ba kansu shi ne cewa Katsina ba ta faɗi ba, ƙaura ta yi, kuma wata rana za a koma. Wannan labari ne ya riƙe su shekaru da dama, shi ne ya fitar da Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore yaƙi sau da yawa a tsawon mulkinsa. Komawar ba ta yiwu ba, Turawa suka zo suka shata iyaka a tsakani, amma a cikin jiran komawar aka gina garin da ya zama cibiyar kasuwancin Nijar. Abin da nake so ɗan uwa Dan_Bagalam ya duba shi ne, labari yana iya kai mutum wani wuri mai kyau ko da ƙarshen da ya yi alkawari bai zo ba.

Bagobirin_Tibiri:
Mushe, ka manta da mu, ko da yake mun saba da haka daga Katsinawa. Gobirawa ma haka suka yi bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma Tibiri an kafa ta ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kakana yana ba da labarin kansa ne daga can, ba daga ranar haihuwarsa ba. Ina ganin wannan shi ne bambancinmu da su, domin su labarinsu yana farawa tun kafin a haife su, mu kuwa muna fara namu daga ranar da aka sa mu lakwal.

Bakatsinen_Kofar_Sauri:
Ina bin wannan muhawara daga Katsina, kuma dangin mahaifiyata duk a Maraɗi suke. Ina so in ce a nan gefen, yadda aka ba mu labarin waɗannan shekaru ya bambanta, domin abin da ku kuke kira neman komawa gida, kakanninmu suna tuna shi a matsayin hare-haren da suka hana su noma. Kowane ɓangare da gaske yake faɗa. Idan labarin gari guda yana iya rabuwa biyu haka, ina tsoron labarin da mutum yake ba kansa ma yana zaɓen abin da ya yi masa daɗi ne ya bar saura.

Saurayin_Zariya:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in mayar da mu kan tambayar farko, domin mun tafi tarihin sarakuna, mu kuwa matasa gobe ce take damunmu. Na gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shekara huɗu da suka wuce. Tun ina ƙarami labarin da aka ba ni a gida guda ne, cewa in yi karatu, in sami aikin gwamnati, in ɗauke wa mahaifina nauyin ƙannena. Na cika nawa ɓangaren, amma yau kabu-kabu nake yi da babur ɗin wani, ina kai masa sefa jika biyu kowace yamma kafin in ga nawa. Abin da ya fi yi mini zafi ba talaucin ba ne, ganin da nake yi ne cewa shekarun karatun nan ba su haɗu da komai ba, kamar an ɗauko shafi daga littafin wani an liƙa a nawa. Abokaina da dama sun bi hanyar Agadas sun tafi Libiya ko Aljeriya, kuma na san ba yunwa kaɗai ta kore su ba, sun gaji da rayuwar da ba ta motsi ne. Mai shekara 70 yana iya waiwayawa ya ga hikima. Mai shekara 28 me zai waiwaya ya gani?

Manomin_Gidan_Rumji:
Ɗana Saurayin_Zariya, ni ba mai ilimin boko ba ne, jikana ne yake rubuta mini, amma maganarka ta taɓa ni. Lokacin ƙuruciyata, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, ba kututture ba tsiro. Muka yi ta sara har iska ta riƙa binne shuka da yashi, mutum ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Bayan yunwar 1984 aka fara koya mana abin da muke kira sassaben zamani, wanda wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa a wannan yanki. Ba dashe ba ne. Kututturen kalgo ko sabara da kake gani kamar ya mutu, saiwarsa tana da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana fitar da tsiro muna sarewa. Sai aka ce mu zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi mu bari, mu datse sauran, mu riƙa yi musu aski. Da farko an yi mana dariya ana cewa ragwaye ne mu. Yau a gonata akwai gawo da na bari yana kamar sanda, inuwarsa ta rufe wuri mai faɗi, ganyensa yana zuba da damina, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsawo.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, itacen da ke gonata yau ba ni na shuka shi ba, saiwar tun zamanin mahaifina take, ni dai na daina sarewa ne, kuma jikokina ne za su fi cin moriyarsa. Karatunka saiwa ce. Ban san ta ina za ta tsiro ba, amma kada ka yanke hukunci a kanta da shekara huɗu.

Mai_Shago_Dan_Isa:
Baba manomi, maganarku ta yi kyau, amma ku ma kun san akwai kututturen da gara ta cinye, ko an bar shi shekara goma ba zai tsiro ba. Ba na so mu yi wa yaron nan alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Gara a ce masa ya riƙe babur ɗin da kyau, ya tara ya sayi nasa.

Ungozomar_Madarunfa:
Ina aikin karɓar haihuwa shekara 19, kuma abin da zan ƙara daga ɗakin awo yake. Idan mace ta zo da cikin fari ko na takwas, tambayar farko da muke yi ita ce ta faɗa mana cikin da ta yi a baya, nawa suka zo da rai, nawa suka zube, wanne ya ba ta wuya. Wadda ta iya jero su, tana cewa wannan a shekarar tsadar hatsi ta 2005 ne, wancan bayan rasuwar uwar mijina ne, ita ce muke iya shirya wa haihuwa mai zuwa, mu san ko a tura ta babbar likita tun da wuri. Wadda ta ce ita ba ta tuna komai, sau da yawa ba mantuwa ba ce, ciwon tunawar ne ya yi yawa. Irin waɗannan ba na matsa musu. Saboda haka na yarda da Uwar_Biyu, kuma na yarda da Alhaji, domin akwai wanda haɗa labarin yake warkar da shi, akwai wanda lokacinsa bai yi ba.

Malam_na_Limanci:
Ga ɗan uwanmu na Katsina da ya ce mutum yana zaɓen abin da ya yi masa daɗi, wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa malamai suka yi ta magana a kan mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi. Labarin da a cikinsa kullum kai ne aka zalunta, ba ka taɓa zaluntar kowa ba, abin tuhuma ne. Tuba ma ai ba ta yiwuwa sai mutum ya yarda cewa wanda ya aikata laifin jiya shi ne wannan da yake tsaye yau, kuma shi ne zai tsaya gobe a yi masa tambaya. Ga Saurayin_Zariya kuma, ban ce maka aiki yana zuwa ba, domin ban san gaibu ba, amma ina roƙonka kada ka kira shekarun neman ilimi shafin wani.

Dan_Bagalam:
Na gode muku duka, na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya. Jiya na tafi wajen gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu, na kunna wayata na ce ta ba ni labarin ambaliya. Abin da ta faɗa ya girgiza ni. Ta ce mahaifina bai ga tafiyar rumbu ba, domin da dare ruwan ya iso gidansu, kuma yana barci a bayanta ta goyo shi da zanen mahaifiyarsu har suka hau tudu. Ita ce ta ga rumbun, ita ce ta riƙa ba shi labari yana yaro har ya ɗauka da idonsa ya gani. Ta kuma ce zuwansa Kano ba kasuwar gyaɗa kaɗai ta jawo shi ba, akwai saɓani tsakaninsa da kakanmu a kan wata gona, ya yi fushi ya tafi, ya shekara uku bai aiko da ko gaisuwa ba, kuma kakanmu ya rasu bai dawo ba. Wannan bai taɓa faɗa mana ba. Sai yanzu na fahimci dalilin da ya sa duk ranar da ɗayanmu zai yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, sai ya tsayar da shi a zaure ya ce a yafi juna.

Ban san ko wannan ya ƙarfafa maganar ɗan uwanmu na Katsina ba ne ko ta Malam. Ɗiyata tana jiran labarina har yanzu, kuma ina tunanin ko in haɗa mata da wannan ɓangaren da kakanta ya ɓoye, ko in bar shi yadda ya bar shi.

Uwar_Biyu:
Yaya, shekarar ɗiyar taka nawa? Idan ta kai hankali, ni da zan ba da shawara, ka kai ta wajen gwaggo ta ji daga bakinta tun tana da rai, kai kuma ka zauna a gefe. Kuma ka tambayi gwaggo labarin kanta, ba na ƙanenta kaɗai ba, domin yarinyar da ta goyi yaro cikin ruwa da dare tana da abin faɗa.

Hajiya_Sabon_Gari:
Ni ban goyi bayan a faɗa wa yarinya saɓanin ba. Abin da mamaci ya rufe da bakinsa shekara 50, ba na ganin ya dace a buɗe shi watanni kaɗan bayan an rufe shi da ƙasa. A bari a ji ta bakin Malam a kan wannan.